Gwanintar Haɗa Garken Kyarketai a Wasan Rage

A karta ko Whot, ɗaurin kati ɗaya ake zubewa a tsakiya, a cakuɗa, a raba, kowa ya rungumi abin da rabonsa ya ba shi. A 1993 wani sabon jinsin wasan kati ya ɓullo a Amurka, lokacin da Richard Garfield ya fito da Magic: The Gathering, ya birkita wannan tsari. A nan kowane ɗan wasa daga gida yake tahowa da nasa ɗaurin, wanda ya zauna ya tsince ɗaya bayan ɗaya daga cikin ɗaruruwan katunan da kamfani ya buga. Kafin a kai ga zama a tebur, an riga an buga rabin wasan.

A 1995 kamfanin White Wolf da ke jihar Jojiya ya fitar da nasa, mai suna Rage. Ya ɗora shi ne a kan labarin wani wasansa na daban, Werewolf: The Apocalypse, wanda Mark Rein-Hagen ya tsara, ya fito a 1992. Labarin na wasu mutane ne masu rikiɗa su koma kyarkeci. Ana ce musu Garou, ƙabilunsu 13, kuma sun ɗauki kansu dakarun uwa duniya Gaia, suna yaƙi da wani ƙarfin ɓarna da ake kira Wyrm da kamfaninsa Pentex mai gurɓata ƙasa da ruwa. Wanda ya tashi yana jin labarin mutumin da ke komawa kura da tsakar dare ba zai sha wuyar gane su ba. Masu labarin ma sun ware wa Afirka nata masu rikiɗar, kurayen Ajaba. Ni dai abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasan shi ne aikin mai haɗa katin, domin a nan ake gane gwani.

Komai daga lamba 20 yake farawa. Kowane jarumi a wasan yana ɗauke da lambobi huɗu: daraja, fushi, ƙarfin ruhi da lafiya. A wasan da aka saba, jimillar darajar garkenka, wato jaruman da ka zaɓa, ba za ta wuce 20 ba, kuma wanda ya fara tara maki 20 shi ya ci. Babbar hanyar samun maki ita ce kisa, kuma makin da za ka samu daidai yake da darajar wanda ka kashe. Ashe lamba ɗaya tana aiki biyu. Ita ce kuɗin da ka biya ka ɗauko jarumi, ita ce kuma ladan da ka ɗora a wuyansa ga duk wanda ya kayar da shi. Wanda bai gane wannan ba bai fara haɗa kati ba tukuna.

Ɗauki Golgol Fangs-First na ƙabilar Get of Fenris, ko Mamu na Red Talons. Kowannensu darajarsa 10. Ka haɗa su biyu, kasonka ya ƙare, ba wurin na uku. Abin da ka samu ba ƙarami ba ne: ƙarti biyu da ke iya ɗaga kusan kowane katin duka, ga kuma damar fara kai hari, tunda a kowane zagaye garke yana tsayar da jagora ɗaya, kuma jagoran da ya fi daraja shi ke fara motsawa. Amma ranar da ɗayansu ya faɗi, ka miƙa wa abokin hamayya rabin nasara a tafin hannu, kai kuma ka rasa rabin rundunarka. Wani sai ya bi ta ɗaya ɓangaren, ya tara ƙanana shida ko bakwai masu daraja 2 da 3. In an kashe masa ɗaya, maki biyu ko uku kawai aka ci, ko gezau. Sai dai ƙananan nan fushinsu bai taka kara ya karya ba, don haka dole ya tanadi katuna irin su Hunting Party da ke ba su damar yi wa abokin gaba taron dangi. Yawancin gwanaye tsakiya suke zama, da babba ɗaya mai faɗa da biyu ko uku masu tallafa masa, amma ba don tsoro ba. Kowane jarumi da suka ɗauko akwai aikin da suka yanka masa.

Sabon shiga yakan zube katunansa ya fara zaɓen waɗanda suka fi tsada da ban tsoro. Gwani kuwa tambaya ɗaya yake fara yi wa kansa: makina 20 daga ina za su fito? Daga gawar jaruman wasu? Daga farautar abokan gaba da ake jefawa a filin farauta na tsakiyar tebur? Daga ƙuri'a a zaman majalisa? Sai ya amsa wannan sannan yake taɓa kati, kuma duk katin da bai taimaki amsar ba, komai kyan zanensa, akwati yake komawa.

Abin da ya bambanta Rage da yawancin 'yan uwansa shi ne ɗauri biyu ake haɗawa. Akwai ɗaurin faɗa, wanda ba ya gaza kati 20, kuma ba a sa kati iri ɗaya fiye da biyu a ciki. Akwai ɗaurin gida, mai ɗauke da baiwa, makamai, abokan tafiya, abokan gaba, tsafe-tsafe da batutuwan majalisa, wanda ba ya gaza 30, kati iri ɗaya kuma ba ya wuce uku. Daga kowanne, biyar kake riƙewa a hannu.

Doka ta faɗi mafi ƙaranci, ta bar sama a buɗe, kuma nan ne kwaɗayi ke kayar da mutane. Lissafin ba shi da wuya. In ɗaurin faɗanka kati 20 ne, kana da kwafi biyu na katin da kake ji da shi, damar ka gan shi a biyar ɗin farko ta kai kusan kashi 45 cikin 100. Ka ƙara goma don ka kasa rabuwa da su, damar ta sauko zuwa 31. A ɗaurin gida ma haka: kwafi uku cikin 30 suna ba ka kusan kashi 43, cikin 45 kuwa kashi 30. Kowane kati na ƙari yana tsayawa ne tsakaninka da wanda kake bukata. Shi ya sa za ka ga gwani riƙe da kati na 21, yana juya shi, yana sake karantawa, ya san yana da kyau, amma ya ajiye shi gefe. A ganina wannan ajiyewar ta fi duk wata dabara wuya.

Ɗaurin faɗa shi ne inda aikin ya fi daɗin kallo. Katin jarumi fuska biyu gare shi. Ɗaya siffarsa ta haihuwa, mutum ko kyarkeci, ɗayar kuma siffar yaƙi da ake kira Crinos, rabi mutum rabi dabba, inda fushi da lafiya ke ƙaruwa. Yawanci da siffar haihuwa ake fara wasa, kuma sai raunin da aka yi masa ya kai adadin fushinsa ko lafiyarsa na wannan siffa sannan a juya katin. Kowane katin duka kuma yana da adadin fushin da yake nema. To a ce jaruminka fushinsa 3 a siffar mutum, 7 a siffar yaƙi. In ka cika ɗauri da manyan duka irin su Entrail Rend, zagayen farko zai same ka da kati biyar a hannu, ba ko ɗaya da za ka iya bugawa bisa ƙa'ida. Gwani yakan shimfiɗa katunansa a ƙasa layi-layi bisa fushin da suke nema, ya ɗora jarumansa a gefe, ya duba fuska biyun kowanne. Yana son ya ga waɗanda za su yi aiki tun yana mutum, da waɗanda za su ƙarasa aiki bayan ya rikiɗa, da kuma na kare kai irin su Dodge da Block, domin jarumin da ya rayu zuwa zagaye na uku shi ke kisa.

Ga yadda abin yake a tebur. Jagoranka ya ƙalubalanci na wani. Kowa ya zaro kati ɗaya ya kife, sannan a buɗe tare. Ka buga ƙaramin duka, shi ya kauce. Saura huɗu-huɗu, kuma ba a cike hannu sai faɗan ya ƙare. Ya buga nasa, ya same ka, raunin ya kai 3, ka juya katinka. Yanzu manyan katuna biyun da suka yi maka nauyi a hannu sun farka, shi kuma ya riga ya kashe katin kaucewarsa a kan dukan da bai kai ya kawo ba. Mai kallo zai ce sa'a ce. Wanda ya haɗa ɗaurin ya san tun a gida ya auna yawan ƙanana da manya don irin wannan lokaci.

Akwai kuma burga. Doka ta yarda ka buga katin da ya fi ƙarfin fushin jaruminka. In abokin karawa ya buga halastaccen kati, naka ya tafi a banza. In shi ma burgar ya yi, ko katinsa ya ƙare, dukanka ya zauna daram. Saboda haka wasu ke sa babban kati ɗaya ko biyu a ɗaurin ƙananan jarumai, suna jiran lokacin da hannun abokin gaba zai bushe. Ɗaya ko biyu dabara ce. Biyar kuwa ganganci ne.

Wani abu da ba kowa ke lura da shi ba: katin da ya yi rauni yana zama ne a jikin wanda aka sara har sai ya warke, kuma a kowane zagaye mafi ƙanƙantar rauni ne ke fara warkewa. Raunin azurfa, irin na wuƙar Klaive, ba ya warkewa ta wannan hanya. Don haka mai haɗa ɗaurin farauta a hankali yana neman makamin da saransa ke zama, mai son gamawa a karo ɗaya kuma yana neman katin haukan yaƙi, wanda ke rikiɗar da jarumi nan take ya kuma ƙara masa katuna a hannu.

Ɗaurin gida nasa wayon daban. Baiwa ba ta hawa kan kowa. Wata ta ƙabila ce, wata ta siffar haihuwa, wata kuma ta yanayin watan da aka haifi jarumi a ƙarƙashinsa, su biyar: Ragabash na duhun wata, Theurge na jinjirin wata, Philodox na rabi, Galliard na dab da cika, Ahroun na cikakken wata. Sannan kowace tana da ƙarfin ruhin da take bukata. In garkenka ƙabila huɗu ne da wata huɗu, kowace baiwa ta ƙabila ko ta wata mutum ɗaya ke iya amfani da ita, kuma ranar da ya mutu katunansa sun zama kaya a hannunka. Gwani yana neman inda jarumansa suka yi tarayya, ko ƙabilarsu ɗaya, ko watansu ɗaya, don kati guda ya samu masu ɗauka biyu ko uku. Ga wani abin lura: ɗaurin faɗa in ya ƙare ana sake cakuɗa shi, na gida kuwa in ya ƙare ya ƙare. Wanda ke zubar da hannunsa kowane zagaye yana neman kati ɗaya, zai wayi gari ba abin ja. Wannan ne kaɗai dalilin da nake karɓa na wuce 30 da 'yan kaɗan.

Abokan gaba da kake sawa a ɗaurinka su ma da kaifi biyu suke. Da ka jefa dodo a filin farauta ya zama na kowa, kuma jagoran da ya fi naka daraja zai riga ka kai masa hari. Ka sa mai sauƙi, ka dafa wa wani ya ci. Ka sa mai wuya, ya gagare ka, musamman da yake sauran 'yan wasa na iya buga masa katunan faɗa daga hannunsu. Ma'aunin shi ne wanda garkenka zai iya kayarwa amma na maƙwabcinka zai yi shakka.

Ɗaurin gida da aka gina a kan majalisa kuwa na masu haƙuri ne. A zaman majalisa daraja ce ƙuri'a, don haka garken da ya ƙi faɗa ya tsare rayukan 'ya'yansa yana iya rinjayar tebur, ya hukunta jarumin wani, ya tara maki ba tare da ya zubar da jini ba. Ƙabilu irin su Silver Fangs da Shadow Lords, waɗanda a labarin ma 'yan mulki ne, sun dace da wannan. Sai dai ƙarfinsa yana bayyana ne in 'yan wasa sun kai uku ko huɗu, inda ake ƙulla ƙawance a kuma warware. A wasan mutum biyu, mai ƙarti yakan cinye masu ƙuri'ar tun kafin a kira zama. Shi ya sa gwani ke tambayar mutum nawa za a zauna kafin ya zaɓi ɗaurin da zai fito da shi.

Bayan duk wannan sai gwaji. Yakan cakuɗa, ya ja biyar, ya duba ko akwai abin bugawa a zagayen farko, ya mayar, ya sake. Katin da ya yi ta zama a hannu ba a buga shi ba, ya fita, ko da shi ne mafi wuyar samu a akwatin.

Kamfanin White Wolf ya ƙara wa wasan sababbin jeri, Umbra da Wyrm a 1995, sai War of the Amazon da Legacy of the Tribes a 1996. A 1998 wani kamfani, Five Rings Publishing Group, ya fitar da sabon salo mai suna Rage Across Las Vegas, da dokokinsa daban. An daɗe da daina fitar da katunan duka biyun, masoya ne ke riƙe da wasan har yanzu. Mai son gwadawa ya fara tabbatar da salon da katunansa suke, domin na 1995 da na 1998 ba sa haɗuwa a ɗauri ɗaya.