Shafi Na Uku Na Littafin Gwamnati

Ni akawu ne, ban iya harbi ba, ban kuwa san yadda a ke tuƙa jirgin sama ba. Abin da aka koya mini shi ne riƙon littafin kuɗi, watau abin da ya shigo a rubuta shi a shafi guda, abin da ya fita a rubuta shi a ɗaya shafin, in wata ya mutu a haɗa a gani ko sun yi daidai. Saboda haka in na sa baki cikin zancen tsaron ƙasar Birnin Gwari, kada wani ya ce na shiga sharo ba shanu. Nufina in duba abin da Gwamnati ta kashe, da ikon da ta gwada, da na'urorin zamani da ta dogara a kansu, sa'an nan in tambaya ko lissafin ya fita.

Bari in fara da dajin kansa, don wanda bai san wurin ba. Birnin Gwari tana yamma da Kaduna kamar mil 75, bisa tsohuwar hanyar motar da ta bi ta Tegina ta nufi Ikko. A 1936 aka keɓe wani yanki na dajinta aka mai da shi gandun daji na En'e, a 1999 kuwa Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi, shi ne gandun Kamuku, wanda faɗinsa ya ɗara murabba'in kilomita 1,100. Ya haɗu da dajin Kuyambana na Zamfara, har mutum ya iya bin duhuwa daga wannan jiha zuwa waccan ba wanda ya gan shi.

Ban ce zamanin En'e zamanin adalci ne tsantsa ba, gama dattawa ba su manta da zafin haraji da bulalar dogarai ba. Amma akwai abu guda da ba a musunsa, hukuma tana sa ƙafa cikin daji. Malamin daji na zaga iyaka, hakimi na fita rangadi, mai unguwa ya san baƙon da ya kwana a garinsa, masu karɓar jangali kuma sun san ardo da yawan shanunsa. A 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, murnarsu kuwa tana bisa hanya. Abin da ya ɓaci shi ne, da hukuma ta daina zuwa ruga karɓa, ba ta koma can da makaranta ko allurar shanu ko alƙali yadda ya kamata ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Aka wayi gari ɓarayin daji su ke aza wa manoma kuɗi kafin su yi shuka, su kuma aza musu kafin su yi girbi. Harajin da aka soke ya komo ta hannun wanda ba ya ba da rasit.

A watan Oktoba na 1 ga shekarun wahalar nan, watau 2012, aka kashe mutum fiye da 20 a Dogon Dawa, galibinsu a bakin masallaci da asuba. A Mayu 2018 aka auka wa Gwaska, mutum fiye da 40 suka halaka, sa'an nan ne aka amince a kafa bataliyar soja a Birnin Gwari. Hanyar Kaduna ta zama sai an jira rakiya. To, ga ciwon ke nan. Sai mu duba maganin da aka saya.

Na farko jiragen yaƙi. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta biya Amurka Dala miliyan 496 don jirage 12 da a ke kira Super Tucano, suka iso a 2021. Gaskiya ne an saye su musamman don yaƙin da a ke yi a Barno, ban kuwa ce ƙasa ta zauna ba jirgin yaƙi ba. Abin da ya tsaya mini a rai na akawu shi ne, an fitar da kuɗin kafin Majalisa ta yarda, har 'yan Majalisar Dattawa suka yi ta ƙorafi. A Baitulmalin En'e, Ma'ajin da ya fitar da fam goma ba bisa ƙiyasin shekara ba, ba kuwa bauca, ya san odita na tafe. In dokar da ta kama fam goma ta kasa kama miliyoyin Dala, ai ta zama tarun da ke kama ƙananan kifi ya saki giwan ruwa. Haka kuma kuɗin tsaro da a ke ware wa gwamnoni, talaka na jin sunansu, amma ba a kawo masa bayanin inda suka shiga.

Na biyu rajistar layukan waya. A Disamba 2020 aka ba da umurni kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta ɗan ƙasa, aka ce da haka za a gane mai laifi in ya yi magana. Tsofaffi da mata masu goyo suka yi ta bin layi a rana, a Afrilu 2022 kuma aka hana layuka fiye da miliyan 72 bugawa. Duk da haka ɓarawon mutane bai fasa kiran iyalin wanda ya kama ta waya ba, su yi ciniki kamar ana sayen akuya. Wanda ya bi doka ya sha rana, wanda aka yi dokar dominsa yana ƙarƙashin inuwa.

Na uku, wanda ya fi taɓa mutanen Birnin Gwari, shi ne rufe waya ɗungum. Zamfara ta fara a farkon Satumba 2021, ran 30 ga watan kuma Gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sa aka katse layuka a wasu sassan Jihar Kaduna, har da Birnin Gwari. Aka hana hawan babur, aka tsai da kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. Ba a mai da wayar ba sai wajen ƙarshen Nuwamba.

Wajibi ne in faɗi hujjar Gwamnati, don kada in zama mai shari'a da kunne guda. Ɓarayi da waya su ke jin labari daga 'yan leƙen asirinsu na cikin gari, da babur su ke kai hari, a kasuwa su ke sayar da shanun sata su sayi abinci. Wanda ya toshe waɗannan ya ƙuntata musu, babu shakka. Sojoji da 'yan sanda da yawa kuma sun bar ransu a wannan hanya, Allah ya jiƙansu, ba su ne na ke zargi ba.

Amma a nan ne na ga littafin Gwamnati ya rasa shafi guda. Hani ba ya cin kuɗin Baitulmali. Takarda ɗaya ce da sa hannu, shi ya sa ya ke da daɗin bayarwa. Kuɗinsa na fita ne daga aljihun da ba a dubawa. A ɗauka mace ta kama naƙuda da tsakad dare a wani ƙauye na wajen Kuyello ko Randagi, ba waya a kira mota, ba babur a ɗauke ta. A ɗauka manomi ya girbe masararsa, ba kasuwar da zai kai, ga bashin taki na jiransa. A ɗauka mutanen gari sun hango ƙurar mahara, da can su kan buga wa soja ko maƙwabta, yanzu sai dai ihu. Ɗan acaɓa da ya ajiye babur wata da watanni, me ya ci? Duk wannan kuɗi ne, wani ma rai ne, an kuwa biya shi sarai, sai dai ba a shigar da shi ko'ina ba. Shi na ke kira shafi na uku.

In an ce magani mai ɗaci ne, to, sai mu tambaya ko ya warkar. Wata huɗu da buɗe waya, ran 28 ga Maris 2022, aka tare jirgin ƙasa tsakanin Abuja da Kaduna. Ran 7 ga Maris 2024 aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga, bisa hanyar nan ta Birnin Gwari, aka sako 137 bayan mako biyu da 'yan kwanaki. Mai hankali ba zai ce rufe waya ne ya jawo waɗannan ba, amma ba zai ce ya hana su ba.

Na huɗu shi ne mafi ciwo. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya hango taro a Tudun Biri, cikin ƙasar Igabi, maƙwabciyar Birnin Gwari, ya sako musu wuta. Ashe masu Mauludi ne. Hukuma da kanta ta ƙidaya mutum 85, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskurenta ne. Wannan na'ura idonta ya fi na shaho, tana ganin mutum cikin duhu daga nesa. Sai dai gani daban, sani daban. Da an tambayi mai unguwa ko limamin garin, da kalma guda ta isa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa, na'urar da aka saya da tsada kuwa ba ta san ranar Mauludi ba sai an gaya mata.

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, aka yi sulhu da waɗansu shugabannin 'yan bindiga, aka buɗe kasuwar shanu wadda ta yi shekara wajen 10 a rufe, motoci suka koma bin hanya. Abin lura a nan, abin da ya buɗe kasuwar zama ne da magana da mutanen da suka san juna, irin aikin da sarakuna da ardo-ardo suka gada. Na yi murna, amma murnar akawu ba ta cika sai ya ga takarda. Sulhun da talaka bai san sharuɗɗansa ba, bai san ranar da aka karya shi ba. Matar da aka kashe wa miji, da wanda ya sayar da gonarsa ya fanshi ɗansa, su ma suna da hakki a gaya musu matsayinsu.

Saboda haka ina roƙon abu uku, ba kuwa wanda ya fi ƙarfin Gwamnati. Na ɗaya, duk lokacin da za a hana jama'a wani abu na halal, waya ce ko kasuwa ko abin hawa, a faɗi ranar farawa da ranar gamawa, in an gama kuma a fito a karanta abin da aka samu da abin da aka yi hasara, da Hausa, a rediyo. Na biyu, kuɗin tsaro su bi ta gaban Majalisa da odita kamar sauran kuɗi. Asirin yaƙi a ɓoye shi, amma jimla ba asiri ba ce. Na uku, kafin a ƙara sayen wata na'ura daga ƙetare, a fara biyan abin da ke tsai da hukuma cikin daji dare da rana, watau hanya mai kyau, da malamin daji mai albashi da kayan aiki, da makaranta da ɗakin magani a ƙauye da ruga, da alƙalin da Bafillace da Bahaushe da Bagwari za su kai ƙara gabansa su dawo ba su sayar da saniya ko gona ba.

Na san za a ce waɗannan ba su da armashi, ba a yi musu bikin da a ke yi wa sabon jirgi. Haka ne. Amma jirgi in ya yi shawagi ya kan koma masaukinsa, manomin Dogon Dawa kuwa a nan zai kwana. Wanda aka ba amanar dukiyar jama'a za a tambaye shi, in odita bai tambaye shi a nan ba, akwai ranar da za a buɗe littafin da ba a manta da shafi ko ɗaya a cikinsa ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da sauran ƙasarmu lafiya, amin.