Hannu ne ke gina tulu, ko kayan aiki?

A ƙasar Damagaram, daga Yauri da Matamaye har Mirya wadda ta yi suna da tukwane, da wuya ka shiga gidan da babu randa ko tulu a gindin inuwa. Sai dai akwai gardamar da kan taso tsakanin masu sha'awar wannan sana'a: wai tukunyar da aka kifa a bayan wata tukunya, ko aka juya a kan keken ginin tukwane, ba a ce mata ginin hannu. Ni ban yarda ba, kuma duk wanda ya zauna kusa da magina ya ga aikinsu zai san dalilina.

Dubi yadda tulu ke fitowa. Maginiya za ta jiƙa yumɓu ya kwana, ta daka tsingaro ta zuba, wasu su ƙara ƙaiƙayi ko kashin jaki, sannan a taka da ƙafa har ya yi danƙo. Babu sikeli a wajen. Yatsunta ke gaya mata ya isa. Sai ta kifa tsohuwar tukunya, ta barbaɗa toka don kada yumɓun ya manne, ta shimfiɗa shi a kai tana bugawa har ya sauko daidai. Nan gwanintar take. In ta yi gaggawar cirewa, gindin ya zube. In ta bari ya bushe da yawa, ya tsage, domin yumɓu takurewa yake yi yayin bushewa, tukunyar da ke ƙarƙashinsa kuwa ba ta motsi. Bayan haka ta ɗora kafaɗa da wuya da murɗaɗɗen yumɓu, hannu ɗaya a ciki yana tarewa, ɗaya a waje yana bugu da ɗan katako. Daga baya a shafa jar ƙasa, a goge da ƴaƴan kuka da aka shirya a zare har jikin ya ɗauki sheƙi.

Tsohuwar tukunya, katako, ƴaƴan kuka, ai duk kayan aiki ne. Manomi bai daina zama manomi ba don ya riƙe hauya.

Batun keke ma an daɗe da gwada shi. A 1951 Baturen Ingila Michael Cardew ya fara kafa cibiyar koyon ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ladi Kwali ta shiga a 1954, mace ta farko, ta riga ta ƙware a ginin Gwari. Ta koyi keke, ta yi kwanuka da kofuna, amma ba ta bar gina manyan tulunanta da hannu ba, tana zana musu ƙadangare da kunama da kifi. Wa zai ce kwanon da ta juya ba aikinta ba ne? Keke juyawa kawai yake yi. Kauri da tsayi da bakin kwano duk suna tsakanin yatsu. Hotonta ne a bayan naira 20 har yau.

Abin da ya canja tulunanta wuta ce. Da aka shafa musu ruwan ƙyalli aka gasa a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, sai suka toshe, suka yi nauyi, suka zama kayan ado. Tulun da aka ƙona a fili da kara da kashin shanu yana da ƙananan ƙofofi. Ruwa na tsattsafowa, iska ta busar, na ciki ya yi sanyi ko a lokacin bazara.

Iyakar ginin hannu, a ganina, tana inda shawara ta bar hannun mutum. In inji ne ke auna yumɓu, ya matsa shi a ma'auni guda ya fitar da dubu iri ɗaya, wannan kayan masana'anta ne, a sayar da shi da sunansa. Don haka in ka je kasuwa, ƙwanƙwasa tulun ka ji amonsa, ka zura hannu ciki ka taɓa sawun yatsu, sannan ka biya maginiya kuɗin da ya dace da wahalarta.