Jinjina ga Makanikan Bodinga da Shagari

Idan injin mota yana aiki, wani kaso na hayaƙin ƙuna yakan sulale ta gefen fistan zuwa ƙasan inji, inda baƙin mai yake. Akwai ƙaramin bawul da tiyo da ke janye hayaƙin su mayar da shi inji ya sake ƙonewa. Idan suka toshe, iska takan taru ta matsa, sai mai ya nemi mafita ta sil da gaskit.

Matsalar takan ci gaba ko bayan an canza bawul, kuma a nan ne makanikan Bodinga da Shagari, a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, suka cancanci yabo. Gwani a cikinsu ba ya gaggawar kwance inji. Yakan wanke shi tas, domin tsohon mai da ya cakuɗa da ƙurar hunturu yana ɓoye asalin yoyo. Sai ya tayar da mota, ya bi ɗigon daga sama zuwa ƙasa. Wani lokaci tiyon ne ya lanƙwashe wajen ɗaurawa, ko bawul ɗin bai dace da injin ba. Sau da yawa kuma matsin baya ya riga ya lalata sil, sabon bawul kuwa ba ya ɗinke roba da ta tsage. Idan hayaƙi na bugowa da ƙarfi ta bakin zuba mai, galibi zoben fistan ne ya cinye.

Wannan haƙuri yana raba direban haya da kashe kuɗin banza, kuma shi ke sa fasinjan Tambuwal ya isa gida kafin magariba.