Bayani a kan hashiyar fasalin fara karatu da gwargwadonsa

Ka sani, ya kai ɗalibi, wannan shi ne fasali na 6 cikin fasali 13 na Ta'alimul Muta'allimi na Shaihu Zarnuji, almajirin mai littafin Hidaya. A nan ne mai hashiyar ajami, Allah Ya jiƙansa, ya fi zuba tawada, har gefen takardar ya cika.

Ya kyauta wajen gwargwadon darasi. Shaihun ya ce mai farawa ya ɗauki abin da zai iya riƙewa in ya maimaita sau 2, kullum ya ƙara kaɗan. Mai hashiya ya kwatanta shi da kolo da ake rubuta wa ƴan ayoyi a allo, ba ya wankewa sai ya biya wa malam sun zauna. Kwatancin ya dace. Ya kuma kawo lissafin bita daidai: darasin jiya sau 5, na shekaranjiya sau 4, a yi ta ragewa har zuwa 1. Gardawanmu da ke kwana tilawa ba su buƙatar a gaya musu amfanin wannan.

Inda ban bi shi ba, shi ne da ya mai da fasalin duka zancen hadda. Ya tsallake gargaɗin da Shaihun ya yi kada ɗalibi ya rubuta abin da bai fahimta ba, don yana dakushe basira. Muzakara da munazara kuwa, waɗanda Shaihun ya fifita a kan maimaici zalla, kalma guda ya ba su: musu. Wannan tawaya ce babba. Sharaɗin da aka gindaya shi ne a yi su da adalci da natsuwa don gaskiya ta fito, ba tare da hayaniya ko fushi ba. Mai karanta hashiyar kaɗai zai zaci an hana su ne.

Ina zaton mutumin alaramma ne, ya auna karatun littattafai da mudun tsangaya. Hadda ita ce ginshiƙin Alƙur'ani, amma fiƙihu yana neman ƙari. Na sha ganin wanda ya haddace Ahalari da Ishmawi, ya kai Risala, a tambaye shi wanda ya manta zaman tahiyar farko, ƙabli zai yi ko ba'adi, sai ya koma farkon babi yana jan nassi ko Allah Ya sa ya ci karo da amsa.

Saboda haka na bar hashiyarsa yadda take, na ƙara tawa a ƙasa a wuraren da ya tsallake. Wallahu a'alamu.