"Toyota ba ta mutuwa": mu duba maganar nan

Direbobin da ke bin hanyar Randagi zuwa Birnin Gwari da damina sukan ce Toyota ba ta mutuwa, sai dai mai ita ya gaji. Maganar tana da tushe. Kiichiro Toyoda ya kafa kamfanin a 1937, daga masana'antar injin saƙa ta mahaifinsa Sakichi, wanda ya ƙera injin da ke tsayawa da kansa da zarar zare ya tsinke. Wannan ɗabi'a ta tsayar da aiki a gyara kuskure nan take ita suka kai wajen ƙera mota. Hilux kuwa, da ta fito a 1968, an ɗora ta kan shasi mai kauri, shi ya sa take jure laka da lodin buhunan masara.

Matsalar tana wajen shaidar masu motar. Waɗanda tasu ke tafiya su muke ji a tasha. Wadda ta mutu tana Panteka a Kaduna an yi gunduwa-gunduwa da ita, ba mai ba da labarinta, kuma da kayanta ake raya sauran. Wato rabin ƙarkon nan na bakanike ne da arhar kayan gyara. Kamfanin ma ba ma'asumi ba ne: a 2009 da 2010 ya janye miliyoyin motoci saboda matsalar totur.

Manomin da zai zuba kuɗin kakarsa a 'yar Kwatano, tambarin ba zai gaya masa ko tsatsa ta ci shasin ba. Sai ya sa bakanike ya shiga ƙarƙashinta da tocila.