Jinjina Ga Masu Manna Takarda

A garin Katakai na ƙasar Japan, duk watan Satumba ana harba ƙwallon wasan wuta mai faɗin santimita 120, nauyinsa wajen kilo 420. Jama'a kan tafa wa hasken da ya cika sama. Tawa jinjinar ta masu manna takardar da ke lulluɓe ƙwallon ce.

Aikinsu sai mai haƙuri. Su yayyanka takarda mai ƙwari irin ta buhun siminti, su shafa mata gam, su liƙa a jikin ƙwallon, ɗaya bisa ɗaya. Sai su mirgina shi a kan katako har iskar da ta maƙale ta fita, su shanya ya bushe, su sake wani zagayen. Babban ƙwallo kan ci makonni a hannunsu.

Wannan kaurin shi ke danne ƙarfin albarushi har ya fashe daidai ta kowane gefe. Inda hannu ya yi sakaci, wutar a karkace za ta buɗe. Sannunku da aiki, gwanaye. Allah ya yi wa hannayenku albarka, ya kiyaye ku daga tsautsayi.