Fuskar Gingimari: Abin da Masoyan Tsofaffin Motocin Ingila Suke Adanawa

Kamfanonin manyan motocin Ingila sun bi juna zuwa kushewa. AEC ya rufe masana'antarsa ta Southall a 1979, Bedford ya daina ƙera manyan motoci a 1986, Scammell na Watford ya bi sahu a 1988. Foden ya yi ta maza har 2006, sunan ERF kuma ya ɓace a 2007. Masana'antar Leyland da ke Lancashire tana nan tana aiki, sai dai tambarin DAF ake manna wa abin da take fitarwa, kuma kamfanin Paccar na Amurka ne mai ita. Amma motocin kansu ba su ƙare ba. Akwai mutanen da suka ɗora wa kansu wahalar tono su daga bayan gonaki da wurin 'yan gwangwan, su kwance su ƙusa-ƙusa, su shafe shekaru suna haɗawa, don kawai su fito da su ranar taro a gani.

Abin ya daɗe da zama al'ada mai tsari. Tun 1958 aka kafa ƙungiyar masu adana tsofaffin motocin haya da na kaya, kuma tun 1962 take shirya jerin gwano daga Landan zuwa Brighton a watan Mayu. A garin Leyland akwai gidan tarihi na irin waɗannan motoci da aka buɗe a 1983. Masu wannan sha'awa yawanci tsofaffin direbobi ne, da bakanikai, da 'ya'yan masu motocin haya waɗanda suka tashi suna zama a gefen babansu lokacin hutun makaranta. In ka saurari gardamarsu, za ka ji rabinta a kan inji take, musamman injin Gardner da suke yi wa kallon waliyyi. Sauran rabin, wanda ya fi zafi, a kan kan mota ne: wace ce ta fi kyan fuska.

Dalilin da ya sa fuska ta zama abin magana yana cikin yadda aka ƙera motocin. Dokar Birtaniya ta ƙayyade tsawon mota, don haka duk tazarar da aka ba hanci an rage ta ne daga wurin kaya. Sai masu ƙira suka ɗora direba a kan inji, gaban mota ya zama bango guda miƙaƙƙe. Ga kuma wani abu. Ƙananan kamfanoni irin su ERF da Atkinson ba sa ƙera kayan ciki da kansu. Inji na Gardner ne daga Patricroft, akwatin giya sau da yawa na David Brown, gatarin baya na Kirkstall. In ka leƙa ƙarƙashi, kusan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Inda kowa zai nuna kansa shi ne wannan bangon gaba. Tun da kuma ba su da kuɗin sayen manyan injinan matse ƙarfe, sai suka riƙa kafa firam na katako su lulluɓe shi da alminiyam, daga baya da faiba, wadda ake zubawa a mazubi ta ɗauki kowace siffa aka ga dama. Rashin jari ne ya ba su 'yancin zane.

ERF KV ta 1954 ita ce sarauniya a wurin mutane da yawa. Ragar lagiretonta mai siffar ƙwai ce, gilashin gabanta biyu ne da suka lanƙwasa suka zagaya gefe, har motar ta yi kamar tana zaro ido. Foden, wanda yake gari ɗaya da ERF a Sandbach (Edwin Richard Foden ne ya ɓalle daga kamfanin gidansu, aka kafa ERF a 1933 da haruffan sunansa), ya mayar da martani a 1958 da S21, kai mai ƙumburi da lanƙwasa ta ko'ina wanda direbobi suka raɗa wa Mickey Mouse. Scammell kuwa Italiya ya aika aka ɗauko Giovanni Michelotti, mai zana ƙananan motocin ƙawa, ya zana masa kan Routeman na 1962 mai zara-zaran layuka a kwance, waɗanda ke ƙara wa faibar ƙwari. Atkinson bai damu da zamani ba sam. Ya bar lagireto a fili da ƙaton harafin A cikin zobe, ya shiga shekarun 1970 da firam ɗin katako, kuma wannan taurin kan ne ya sa ake ƙaunarsa yau.

Wanda ya fi burge ni ba ya cikin manyan. Ƙaramin kan FG ne da Austin da Morris suka fitar a 1960 don motocin raba kaya a cikin gari. An sa ƙofofinsa a kusurwar baya, a karkace, yadda in an buɗe da ƙyar suke wuce faɗin motar, ga ƙananan tagogi a ƙasan gilashin gaba don direba ya ga bakin titi da yaron da ke tsaye a wurin. Saboda yawan kusurwoyinsa aka yi masa laƙabi da tsohuwar tsabar taro ta Ingila mai gefe goma sha biyu. Ba shi da kyau ko kaɗan, amma wanda ya zana shi ya yi tunanin mai tuƙi da mai tafiya a ƙasa.

Nan ne kuma sha'awar take da ɗan rufa-rufa. Yawancin waɗannan kyawawan kawuna azaba ce a ciki. Inji yana tsakanin direba da yaronsa, murfi kawai ya raba su, ƙara ba ta barin a yi hira, shi ya sa ake jibga tsofaffin barguna a kan murfin. Da rani ƙafa ta gasu, da hunturu gilashi ya daskare ta ciki, don da yawa ba su da abin ɗumama wuri. Sitiyari ƙarfin damtse ne, ga tayoyi huɗu a gaba da za a murɗa a motoci masu gatari huɗu. Har zuwa 1957 doka ba ta yarda babbar mota ta wuce mil 20 a awa ba, saboda haka tafiyar da take kwana ɗaya yau kwanaki ce a da. Babu gado. Ko dai direba ya kama ɗaki a gidan kwanan direbobi, ko ya gitta katako a kan inji ya miƙe.

Leyland ya yi yunƙurin gyara a 1964 da kan Ergomatic, na ƙarfe, mai faɗin gilashi, wanda ake kifawa gaba bakanike ya samu inji a sarari. An ɗora shi a kan Leyland da AEC da Albion, sai fuska uku ta koma kusan ɗaya. Bai daɗe yana cin kasuwa ba motocin Suwidin suka shigo. Volvo F88 da Scania sun zo da gado da ɗumi da shiru da sitiyari mai laushi, a daidai lokacin da manyan hanyoyi suka buɗe, aka kuma fara dogon zango zuwa sauran ƙasashen Turai da Gabas ta Tsakiya. Direban da ya kwana sau ɗaya a cikin Volvo ba ya marmarin komawa Atkinson. Wasu daga cikin dattawan da ke shafa tambarin A a wurin taro yau, su ne suka matsa wa iyayen gidansu a sayo ta Suwidin.

Mu ma muna da rabo a wannan tarihi, ko da yake ba irin nasu ba. Motocin da suka yi jigilar gyaɗa da auduga da fasinja a ƙasar Hausa, Bedford da Austin da Morris, masu hanci ne, masu araha, waɗanda a Ingila ba a ɗauke su manya ba. Sau da yawa shasi da inji da gaba kawai ke zuwa, kafintocinmu su gina bodin katako, mai fenti ya zana zaki ko dawisu ya rubuta addu'a a goshi. An harhaɗa Bedford a Apapa, Leyland ya buɗe masana'anta a Ibadan a 1979, amma komawar Nijeriya tuƙin hannun dama a 1972 da ƙarfin Marsandi 911 sun riga sun karkatar da kasuwa. A Sudan, Bedford TJ ta 1958 ta samu rayuwa ta biyu da sunan Sifinja. Bajamushen masani Kurt Beck ya yi nazarin yadda maƙera a garuruwa irin su Shendi suke kwance ta gaba ɗaya, su ƙarfafa shasi, su sake mata fasali don ta ɗauki kaya fiye da yadda Turawan Bedford suka tsara, ta kuma keta rairayi. Alƙalin gasa a Ingila zai zabge wa irin wannan mota maki don ba ta zauna yadda ta fito daga masana'anta ba. A ganina ita ce ta fi kusa da abin da aka yi motar dominsa.

Ba ina rena aikin masu gyaran na Ingila ba ne. Mutumin da zai sassaƙa sabon firam na katako daga ruɓaɓɓen tsoho, ko ya nemo mai lanƙwasa gilashin KV, ya cancanci jinjina. Su ne kuma suka raya sana'ar rubutu da buroshi, inda ake zana sunan mai mota da garinsa da lambar wayarsa ta da a jikin ƙofa, harafi da inuwarsa, da siririn layin zinariya a gefe. Illar ita ce yawan sheƙi. Ana fesa fenti mai ƙyallin da motar ba ta taɓa gani ba ko ranar da aka saye ta, a goge har ƙusoshin taya, a kawar da baƙin mai da lotsawar da su ne shaidar aikinta.

Dokar Birtaniya ma ta taya su. Motar kaya da aka ƙera kafin 1960 ana iya tuƙa ta da lasin ƙaramar mota, muddin ba ta ɗauke da komai. To amma bodi wayam ba ya kyan gani, kuma ɗaurin tamfol da igiya fasaha ce da tsofaffin direbobi ke alfahari da ita. Sai wasu suke haɗa akwatin katako fanko, su shimfiɗa masa tamfol, su naɗe kusurwoyi tsaf, su ja igiya da ƙullin nan na direbobi har ta yi tauri, su kama hanyar Brighton da lodin iska.